Shin Helheim Jahannamar 'yan Viking ce, kuma me ya sa ta zama ƙanƙara?

Tambaya: Malam, ina buga God of War, wanda aka kai Kratos ƙasar 'yan Viking. Na iso inda ake shiga Helheim, ƙasar matattu, sai na tarar ko'ina ƙanƙara ce da iska, har gatarina ya daina cin abokan gaba. Shin haka mutanen nan suka ɗauki lahirarsu, wato tasu wutar ta sanyi ce? Ko kuwa masu wasan ne suka ƙago abinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, sanyin yana da asali a tsofaffin rubuce-rubucen mutanen, sai dai masu wasan sun ɗauko shi daga wani wuri sun zuba shi a wani. Maganar azaba kuwa, yawancinta ƙari ne. Wurin da ake kira Hel a waƙoƙin da suka iso mana gidan matattu ne na gama-gari, inda manomi da matarsa da jaririn da bai yi kwana ba suke zuwa, ba kurkukun masu laifi ba. Abin da ake yawan yi wa haɗin gambiza wurare uku ne da tsofaffin suka ambata daban-daban: Hel, da Niflheim, da wani gaɓar ruwa mai suna Nastrond. Bari mu warware su, sannan mu koma kan gatarinka, domin can ne ainihin dalilin ƙanƙarar yake.

Da farko ka san daga ina labarin yake zuwa mana. Zamanin da ake kira na Viking ana ƙirga shi daga harin da suka kai wa gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a 793 zuwa wajen 1066. Mutanen wancan zamani ba su bar littafin addini ba. Waƙa suke yi, ana haddacewa, ana miƙa wa na baya. Tsibirin Aislan ya karɓi Kiristanci a wajen shekara ta 1000, kuma sai bayan fiye da shekara ɗari biyu aka zauna aka rubuta abin da muke karantawa yau. Tushe biyu ne manya. Ɗaya kundin tsofaffin waƙoƙi ne da aka kwafa a fata wajen 1270, wanda ake kira Codex Regius, ya daɗe a Kopenhagen kafin a mayar da shi Aislan a 1971. Ɗayan kuma littafin Edda na Snorri Sturluson, attajiri kuma ɗan siyasar Aislan da aka haifa a 1179 aka kashe a 1241. Ya rubuta shi wajen 1220 domin ya koya wa matasan mawaƙa ma'anar tsofaffin kirari da habaici da ke cikin waƙar gargajiya. Snorri Kirista ne, mai ilimi, mai son tsari. Inda waƙoƙi suka bar abu a warwatse ko suka saɓa wa juna, shi sai ya jera su ya yi musu shara. Kusan duk wani wasan bidiyo da ka sani a kan wannan fanni daga teburin Snorri ya ci, don haka dole mai karatu ya riƙa tambayar kansa: wannan maganar ta tsofaffin mawaƙa ce, ko gyaran Snorri ne?

Ƙanƙarar ta Niflheim ce, kuma asalinta labarin halittar duniya ne, ba labarin mutuwa ba. Snorri ya ce kafin a yi ƙasa da sama akwai wani wagegen sarari mai suna Ginnungagap. Ta kudu da shi akwai Muspell, duniyar wuta da tartsatsi. Ta arewa akwai Niflheim, duniyar hazo da duhu, a tsakiyarta akwai maɓuɓɓuga mai suna Hvergelmir wadda koguna suke fita daga cikinta. Kogunan suka yi nisa da mafarinsu, dafin da ke cikinsu ya daskare, ƙanƙara ta yi ta hawa kan ƙanƙara har ta cika gefen arewa na sararin. Da zafin kudu ya haɗu da ita sai ta fara narkewa tana ɗiga, daga ɗigon nan aka sami ƙaton farko, Ymir, da saniya Audhumla wadda take lasar ƙanƙara mai gishiri. To ka ga sanyi a nan ba horo ba ne. Ɗaya ne daga cikin abu biyu da rai ya fito daga gare su.

Yadda wannan duniyar sanyi ta haɗu da matattu kuwa, aikin Snorri ne a jimla guda. Ya ce Loki, makirin da ke zaune cikin allolinsu, ya haifi 'ya'ya uku da wata ƙatuwa mai suna Angrboda: kerkeci Fenrir, da macijin Jormungand, da 'ya mace Hel. Da allolinsu suka ji annabcin cewa waɗannan 'ya'ya za su zame musu masifa, Odin, shugaban allolin, ya sa aka kawo su. Macijin ya jefa shi teku, kerkecin suka riƙe shi a wurinsu har suka ɗaure, ita kuwa Hel ya jefa ta Niflheim ya ba ta iko, a kan ta ba da masauki ga duk wanda aka aiko mata, wato waɗanda ciwo ko tsufa ya kashe. Wannan jimlar ce ta ɗora gidan matattu a kan ƙasar ƙanƙara. Sunan Niflheim ɗin ma ba za ka same shi a waƙoƙin Codex Regius ba. Su abin da suka sani shi ne Hel, da wani wuri a ƙarƙashinta mai suna Niflhel, wanda wata waƙa ta ce mutane suna mutuwa daga Hel su faɗa cikinsa.

Duba yadda Snorri ya siffanta gidan nata, domin ya fi abin da ke cikin wasan ban tsoro ta wata fuskar. Katanga doguwa, ƙofofi manya. Zaurenta Eljudnir. Akushinta sunansa Yunwa, wuƙarta Fari, dokin ƙofarta Tuntuɓe, gadonta Jinya, labulen gadon kuma Masifa Mai Ƙyalli. Bawanta da baiwarta, Ganglati da Ganglot, sunayensu na nufin masu jan ƙafa. Ita kanta rabin jikinta baƙi-shuɗi ne, rabi launin fatar mai rai, fuska a murtuke, kai a sunkuye. Ba a ambaci dusar ƙanƙara a cikin zauren ba, ba a ambaci bulala ko sarƙa ba. Abin da aka lissafa shi ne abin da ke kashe manomin Aislan a ƙarshen hunturu: ciyawar dabbobi ta ƙare, rumbu ya yi ƙasa, tsoho ya kwanta bai tashi ba. A tsakiyar sanyin ƙasar, hasken rana a Reykjavik bai fi awa huɗu da 'yan mintoci ba. Mutumin da ke zaune a ɗakin da aka gina da ƙasa da ciyawa, kowa ya kewaye wuta ɗaya a tsakar ɗaki, ba ya bukatar a ce masa arewa da duhu da yunwa su ne hanyar mutuwa. Duk da haka masana da yawa suna ganin wannan jerin sunaye na akushi da wuƙa salon wa'azin Kiristocin zamanin Snorri ne, inda ake mayar da halaye da masifu mutane ko kayan gida. Ni ma na fi karkata can. Ya yi tsaf da yawa.

Labarin da ya fi kowanne kai mu cikin Hel shi ne na mutuwar Baldr, ɗan Odin da Frigg. Uwarsa ta sa kowane abu a duniya ya yi rantsuwa ba zai cuce shi ba, ta bar kauci kaɗai don ta raina shi. Loki ya samo kaucin, ya ba makaho Hod ya jefa, Baldr ya faɗi. Sai Hermod, ɗan'uwan Baldr, ya hau Sleipnir, dokin Odin mai ƙafa takwas, ya tafi roƙo. Kwana tara yana tafiya cikin kwaruruwa masu zurfi da duhu, ba ya ganin komai, har ya iso kogin Gjoll. A kan kogin akwai gada wadda aka rufe da zinariya mai walƙiya, mai gadinta wata budurwa ce, Modgud. Ta tambaye shi sunansa da danginsa, ta ce jiya runduna biyar ta matattu ta haye gadar nan amma ba ta yi ƙara kamar yadda ta yi a ƙarƙashinsa shi kaɗai ba, kuma ba shi da launin matattu, me ya kawo shi? Da ya faɗa mata, ta ce Baldr ya wuce, hanyar Hel kuwa ƙasa take yi, ta yi arewa. Ya isa ƙofar, ya sauka ya ƙara ɗaure sirdi, ya hau ya zaburi dokin, dokin ya tsallake ƙofar bai ko taɓa ta ba.

Abin da ya tarar a ciki shi ne ya kamata ka riƙe. Ya sami Baldr zaune a kujerar girma. Ya kwana a wurin. Da safe ya roƙi Hel, ta saurare shi, ta gindaya sharaɗi: in kowane abu a duniya, mai rai da marar rai, ya yi wa Baldr kuka, za ta sake shi. Baldr ya rako ɗan'uwansa waje, ya ba shi zoben Draupnir ya mayar wa Odin, matarsa Nanna, wadda baƙin ciki ya kashe ta biyo shi, ta aika wa Frigg mayafi, ta aika wa Fulla, hadimar Frigg, zobe. Wato baƙo ya zo, an sauke shi, ya kwana, an yi ciniki da mai gida, an sallame shi da tsaraba. Kowa ya yi kukan in ban da wata ƙatuwa a bakin kogo mai suna Thokk, wadda ake zaton Loki ne ya sake kama, ta ce Hel ta riƙe abin da ta samu. A wata tsohuwar waƙar kuma, wadda Odin da kansa ya je Hel tun kafin Baldr ya mutu don ya tambayi wata matacciyar boka ma'anar mugayen mafarkan ɗansa, ya tarar an baza zobba a kan bencina, an yi wa dandamali ado da zinariya, an dafa giyar zuma an rufe ta da garkuwa. Ya tambaya wa ake jira, aka ce Baldr. Shirin tarbar babban baƙo ake yi. Abin tsoro ɗaya a hanyar shi ne kare mai jini a ƙirji da ya fito ya yi ta haushi.

Ka lura kuma Baldr makami ne ya kashe shi, ba ciwo ba, ba tsufa ba, amma Hel ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa rabon nan da ake yawan maimaitawa, jarumi Valhalla, wato zauren Odin, rago Hel, bai zauna daram ba ko a wurin Snorri. Waƙoƙi sun ce allahiya Freyja tana ɗaukar rabin waɗanda suka faɗi a fagen fama zuwa filinta Folkvang. Waɗanda teku ta ci ana cewa sun tafi wurin Ran mai taru, allahiyar teku. A wani labarin Aislan, wani dangi sun yi imani cewa in sun mutu cikin dutsen Helgafell da ke kusa da gonarsu za su shiga, har wani makiyayi ya ga dutsen ya buɗe, wuta na ci a ciki, ana shagalin tarbar maigidansa da ya nutse a ruwa. Brynhild, jaruma ce ta gaske, amma akwai waƙa sukutum a kan tafiyarta Hel a cikin keken da aka ƙone ta a kai. Egil Skallagrimsson, mawaƙi kuma mayaƙin ƙarni na 10 wanda ya kashe mutane ba adadi, da ɗansa ya nutse ya yi masa waƙar makoki, ya rufe ta da cewa yana jiran Hel da zuciya ɗaya, ba tare da baƙin ciki ba. Mutumin da ya ɗauki wurin a matsayin gidan azaba ko gidan ragwaye ba zai faɗi haka ba. Valhalla kuwa, da ƙofofinta 540, mafarkin sarakuna ne da mayaƙan fada da mawaƙan da suke ci a hannunsu, shi ya sa ta fi amo a waƙa.

Azaba tana nan, amma a lungu guda. Waƙar Voluspa ta ambaci wani zaure a Nastrond, gaɓar gawawwaki, nesa da rana, ƙofarsa na kallon arewa. An saƙa shi da bayan macizai, dafi na ɗigowa ta kafar hayaƙi. A nan masu rantsuwar ƙarya da masu kisan gilla da masu lalata matan mutane suke kutsawa cikin ruwa mai ƙarfi, dodon Nidhogg yana tsotsar gawa. Laifuffukan nan uku su ne masu rusa zaman jama'ar da ba ta da 'yan sanda, wadda komai nata ya rataya a kan rantsuwa da dangi. Ko wannan baitin tsohon imani ne ko kuwa iskar Kiristanci ta riga ta kaɗa shi, masana suna ta ja-in-ja, domin ana jin an yi waƙar a daf da lokacin sauya addini. Ko a nan ma dafi ne da ruwa da duhu, ba daskarewa ba.

Don haka in ka ce Jahannamarsu ce, ka sa mata rigar da ba tata ba. Babu hisabi, babu awon ayyuka, ba imani ke kai mutum ko ya hana shi zuwa ba. Na san abin da ya sa tunanin ya zo maka, tunda mu ma mun san zamharira a karatunmu, azabar sanyi ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Amma kamar ta tsaya a nan. Akwai ma shaidar wani Musulmi da ya ga jana'izar irin mutanen nan da idonsa. Ahmad ibn Fadlan, jakadan da aka aiko daga Bagadaza, ya haɗu da 'yan kasuwar Rus a bakin kogin Volga a 922, ya ga an ƙone wani shugabansu a cikin jirgin ruwa tare da dawakai da shanu da kare da wata baiwa da aka kashe. Kafin a kashe ta an ɗaga ta sau uku a kan wani abu mai kama da dokin ƙofa, ta ce tana hango iyayenta, sannan danginta da suka mutu, sannan maigidanta a wani lambu kore mai kyau yana kiranta. Ko da an yi la'akari da cewa ta bakin tafinta ya ji, kuma Rus ɗin Volga sun cuɗanya da wasu al'ummu, babu ƙanƙara a abin da ta faɗa. Kaburbura ma haka suke nunawa. Jirgin Oseberg na Norwe, wanda aka binne mata biyu a ciki a 834 aka tono a 1904, cike yake da gadaje da keken doki da kayan saƙa da kayan girki da dabbobi. Guzurin mai ci gaba da rayuwa ne a wani wuri.

Yanzu mu dawo kan wasan. Santa Monica Studio ne suka yi shi, Cory Barlog ya ja ragama, ya fito a watan Afrilun 2018 a PlayStation 4, ya zo kwamfuta a farkon 2022. Tun daga farko sun ba Kratos gatarin Leviathan, makamin sanyi, wanda yake daskarar da abin da ya sara, ka jefa shi ka kira shi ya dawo hannunka. Sun ɓoye wuƙaƙen nan biyu masu sarƙa da aka san shi da su a wasannin Girka, ko a tallace-tallace ba su nuna su ba. Mutumin ya gudo daga tsohuwar rayuwarsa, ya naɗe tabon sarƙa da ke hannuwansa da tsumma, bai gaya wa ɗansa Atreus ko shi wane ne ba. Marubutan suna bukatar dalilin da zai tilasta masa ya tono abin da ya binne, dalilin da mai wasa zai ji a yatsunsa, ba a kunnensa kawai ba. Sai yaron ya kwanta ciwo, Freya, mai sihirin da ke taimakonsu, ta ce maganin sai da zuciyar mai gadin gadar Helheim, ta kuma ce ƙasar sanyinta ya kai inda babu sihirin da zai iya hura wuta a cikinta, gatarinsa ba zai yi masa amfani ba.

Ka tuna abin da ya biyo baya. Kratos ya shiga kwalekwale shi kaɗai da kan Mimir, yankakken kai mai magana da ke ba shi shawara, a rataye a ƙugunsa, sama ta yi ja, ba a cewa komai, ga Athena, allahiyar Girka daga tsohuwar rayuwarsa, zaune a gaban jirgin tana kallonsa. Ya isa gida, ya ɗaga katakon daɓe, ya ciro ƙunshi, ya warware. Hannunsa na rawa. Ya naɗa sarƙoƙin a inda tabonsu yake. Yana fitowa sai ga matattun nan masu shuɗin jiki, waɗanda a baya in ka sare su da gatari sai ya yi tsalle ya bar su, dole ka koma dambe. Yanzu wuta ta ci su. Duk ƙanƙarar Helheim an zuba ta ne domin wannan minti biyar ɗin. In da sun bi Snorri sak, ƙasar duhu da hazo da zaure mai bencina, babu abin da zai hana gatari aiki, kuma da babu dalilin komawa gida. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi a wasan bidiyo, inda yanayin wuri da makamin hannu da ciwon zuciyar jarumi suka zama abu ɗaya. Ba na jin haushin sauyin ko kaɗan. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya kashe na'ura ya tafi yana cewa haka 'yan Viking suka yi imani.

Da ka san tushen, za ka ga inda suka ɗauka da inda suka juya. Gadar tana nan, jerin matattu masu haye ta suna nan, gargaɗin cewa wanda ya haye ba ya dawowa yana nan. Amma zinariyar ta tafi, an sa mata sunan gadar la'anannu, budurwa Modgud mai tambayar suna da dangi ta zama ƙaton dodo, Mattugr Helson, wanda za ka kashe ka tsaga ƙirjinsa ka ciro zuciya. Mai gadi mai hira ba ya ba da faɗan ƙarshen mataki. Azabar da suka sa wa wurin kuma ba ta Nastrond ba ce, tasu ce: ƙasar tana nuna wa kowa abin da ya fi ci masa rai a baya. Kratos ya ga Zeus, uban da ya kashe. A zuwa na biyu Baldur, wato Baldr na wasan, ya ga ranar da ya juya wa uwarsa Freya baya saboda sihirin da ta yi masa ya hana shi jin komai a jikinsa. Babu wannan a Edda. Cunkoson matattu da suke komawa duniyar masu rai ma nasu ne, sun danganta shi da tsare Valkyrie, mata masu zaɓen matattu, da aka yi har babu mai tantance mamata, ko da yake gawa mai tashi daga kabari ta dami mutane, wadda ake kira draug, tsohuwar aba ce a labaran Aislan.

Wani abin dariya shi ne, da suka kwashe sanyin Niflheim suka kai Helheim, sai Niflheim ɗin ta rasa abin yi. A wasan 2018 sun mayar da ita wurin hazo mai guba, maƙerar wani wada mai suna Ivaldi da ta lalace, inda kake shiga ruɗaɗɗun ɗakuna kana tara dukiya kafin hazon ya kashe ka. Sai a God of War Ragnarok na Nuwamban 2022 suka mayar mata da ƙanƙararta.

In kana son ganin wata hanyar, nemi Hellblade: Senua's Sacrifice na kamfanin Ninja Theory da ke Kambirij, wanda ya fito a 2017. Jarumar, Senua, ba 'yar Viking ba ce, 'yar ƙabilar Pict ce daga tsibiran Orkney, 'yan Viking suka kashe masoyinta Dillion, ta ɗauko kansa ta nufi Hel ta karɓo ransa. Tana fama da taɓin hankali mai sa jin muryoyi, kuma masu wasan sun yi aiki da likitan ƙwaƙwalwa Paul Fletcher na Jami'ar Kambirij da mutanen da suka yi fama da ciwon. Sa abin ji a kunne in za ka buga, muryoyin ta bayanka suke zuwa. Tasu ƙasar matattun duhu ce da ruɓa da ruwa da gawawwaki, kuma tafiyar mai rai zuwa roƙon mamaci ita ce tafiyar Hermod. Ta wannan fuskar ya fi kusa da tsofaffin waƙoƙin, duk da cewa shi ma ya mayar da wurin gidan firgici. Assassin's Creed Valhalla kuma ya ƙara wani sashe a 2022 inda Odin yake kutsawa Niflheim ya fuskanci Hel a kan Baldr, in ka mutu ka sake daga farko.

Saura abu ɗaya da wataƙila ka lura da shi: ka zaga Helheim ba ka ga Hel ba. Abin da ka gani wata ƙatuwar tsuntsuwa ce zaune can nesa a kan gini tana kallonka. In ba ka gama wasan ba, tsaya a nan, domin zan fasa ƙwai. Tsuntsuwar Hraesvelg ce. A tsohuwar waƙa ƙato ne namiji mai siffar gaggafa, yana zaune a ƙarshen sama, daga fukafukansa iska take fitowa ta bi kan mutane, Snorri kuma ya ce a ƙarshen arewa yake. Ba shi da wata alaƙa da mulkin matattu, amma iska da arewa sun dace da abin da masu wasan suke ginawa, har suka yi dabarar iskar Hel da kake ɗauka da wuƙaƙenka ka kai wani wuri kafin ta watse. Dalilin da ya sa suka nemo shi kuwa, a ganina, shi ne sun ɗaure kansu da kansu. A ƙarshen wasan an bayyana cewa sunan da uwar Atreus ta so ta sa masa shi ne Loki. Loki yaro ne ke nan, bai yi aure ba balle ya haifi 'yar da za ta mulki matattu. Sauran 'ya'yan biyu sun samo musu hanya a wasa na biyu: Atreus ya sa ran wani ƙato a jikin maciji a gaban Angrboda, wanda aka nuna shi ne zai zama Jormungand, sannan ya sa ran kerkecinsa Fenrir a jikin Garm, karen Helheim da shi da kansa ya kwance bisa kuskure. Ta ukun ce ba su iya ba. Sai suka ce Hel sarauta ce ba sunan mutum ba, Hraesvelg ce ke riƙe da ita, ta gaji, kuma sharaɗin da ta gindaya kafin ta ba da rundunar matattu a yaƙin ƙarshe shi ne a nemo mata magaji. Har wasan ya ƙare ba a naɗa kowa ba.